Idan Tauraro Ya Rikiɗa Ya Zama Tauraruwa: Ra'ayi a Kan Wasan Doctor Who

Gabatarwa

A ranar 16 ga watan Yuli na shekarar 1967 babu wanda zai yi tsammanin haka, amma a ranar 16 ga Yuli, 2017, gidan talabijin na BBC da ke Ingila ya ba da sanarwar cewa mace, mai suna Jodie Whittaker, ita ce za ta gaji matsayin tauraron wasan kwaikwayon nan mai suna Doctor Who. Kafin wannan rana, shekara 54 ke nan maza ne ke fitowa a wannan matsayi, ɗaya bayan ɗaya. Sanarwar ta tayar da ƙura ƙwarai da gaske a tsakanin masu kallo. Wasu suka yi murna, wasu kuma suka ce an ɓata musu abin da suka taso da shi tun suna yara.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan gardama ta Turawa? Dalili biyu ne. Na farko, wasan ba baƙo ba ne a ƙasarmu, domin an nuna shi a gidajen talabijin na Nijeriya tun da daɗewa, har ma a shekarar 2013 aka gano kashi tara na wasan, waɗanda BBC kanta ta batar, ajiye a wani ɗakin tashar talabijin a Jos. Na biyu, kuma wanda ya fi muhimmanci, tambayar da ke ƙarƙashin gardamar tambaya ce ta nazarin adabi tsantsa, watau mene ne ke sa tauraron labari ya zama shi ne, kuma me za a iya cire masa ba tare da labarin ya rushe ba? Wannan kuwa abu ne da muke fama da shi kullum a aji, ko muna nazarin tatsuniya, ko ƙagaggen labari, ko wasan kwaikwayo.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, mayar da wannan tauraro mace daidai ne, domin dokar labarin kansa ta yarda da haka. Amma sauya jinsi kaɗai ba ya gina labari, kuma a nan ne masu tsara wasan suka gaza.

Wane Ne Dokta?

An fara nuna wannan wasa a ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Yana cikin nau'in da muke kira ƙagaggen labarin kimiyya, irin wanda Umaru Dembo ya gwada da Hausa a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya a shekarar 1969. Tauraron wasan, wanda ba a san shi da wani suna ba sai Dokta, ba ɗan Adam ba ne, ko da yake yana da siffar mutane. Ya fito ne daga wata duniya mai suna Gallifrey, daga cikin wata al'umma da ake kira Sarakunan Lokaci, kuma zuciya biyu gare shi. Yana yawo a sararin samaniya, yana kuma ratsa zamunna, ya koma baya ko ya tsallaka gaba, a cikin wani jirgi mai kama da shuɗin akwatin wayar 'yan sanda, wanda cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. Duk inda ya tarar ana zalunci sai ya tsaya, kuma galibi da dabara da fasahar magana yake cin nasara, ba ya ɗaukar bindiga.

William Hartnell ne ya fara fitowa a matsayin Dokta, yana da shekara 55, a siffar tsoho mai furfura da saurin fushi, wanda ke tafe da jikarsa. Da aka kai shekarar 1966 rashin lafiya ya ci ƙarfinsa, masu wasan kuwa ba su son su rufe shi. Sai suka ƙago wata dabara wadda ita ce ta raya wasan har yau. Suka ce ai jinsin Dokta in jikinsu ya tsufa ko ya ji mummunan rauni, sukan rikiɗa su sake sabon jiki, kamar yadda maciji ke yin saɓa. Nan take, a gaban idon masu kallo, Hartnell ya faɗi, Patrick Troughton ya tashi.

Abin lura a nan shi ne, Troughton bai yi kama da Hartnell ba ko kaɗan, ba a kuma nemi ya kwaikwaye shi ba. Ya fito da baƙin gashi, da tufafi cukurkuɗaɗɗu, yana busa sarewa, yana barkwanci. Bayansa Jon Pertwee ya zo a 1970 a siffar ɗan gaye mai son mota da kokawa. Tom Baker, wanda ya riƙe matsayin daga 1974 zuwa 1981, ya shahara da dogon mayafin wuya da raba alewa. An dakatar da wasan a 1989, aka dawo da shi a 2005, aka ci gaba da wannan al'ada. An zaɓi Matt Smith yana ɗan shekara 26, sa'an nan Peter Capaldi ya gaje shi yana da 55. Watau tsayi, da shekaru, da murya, da karin harshe, da ɗabi'un yau da kullum, duka sun sha sauyawa, masu kallo kuwa ba su taɓa cewa ba Dokta ba ne.

Ma'aunin da Ya Kamata a Yi Amfani da Shi

A ganina, kafin a yanke hukunci a kan ko ya dace a mayar da wani tauraro mace, sai a fara tambaya: shin kasancewarsa namiji ginshiƙi ne na labarin, ko kuwa riga ce kurum da aka saba ganinsa da ita? Ana gane ginshiƙi ne ta hanyar cire shi. In an cire ɗaki ya rufta, to, ginshiƙi ne.

Mu ɗauki misali daga gida. Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana fitowa a matsayinsa, tsohon soja ne na bariki, da gashin bakinsa, da tsawarsa, da Hausarsa ta soja. Dukkan abin dariyar wasan ya rataya ne a kan irin wannan namiji na wancan zamani. In aka ce za a mayar da Samanja mace, to, wani wasa dabam za a yi, ko da an bar masa sunan. Haka nan a wajen Turawa akwai James Bond, ɗan leƙen asirin nan wanda rabin labarinsa mu'amalarsa ce da mata. Barbara Broccoli, wadda ta daɗe tana shirya finafinansa, ta bayyana a 2018 cewa Bond namiji ne kuma haka zai zauna, gara a ƙirƙiro wa mata nasu taurarin. A game da Bond na yarda da ita.

To, mu auna Dokta da wannan ma'auni. Me ya rage bai sauya ba tun daga 1963? Son sani, da kaifin basira, da ƙin zalunci, da gudun makami, da kaɗaicin wanda ya daɗe a duniya har ya binne abokansa da yawa, da kuma wani girman kai da ke taso masa lokaci lokaci. Wannan shi ne halinsa, hali kuwa zanen dutse ne. Na duba wannan jeri ban ga ko ɗaya wanda ya keɓanta ga namiji ba. Mu Hausawa ma bai kamata wannan ya zame mana abin mamaki ba, domin tatsuniyoyinmu cike suke da rikiɗa, irin ta ɓaunar da ta zama budurwa don ta ɗauki fansa a kan maharbi. Ba mu taɓa ruɗewa ba, mun san ɓaunar ce dai, saboda ƙudurinta bai sauya ba.

Bugu da ƙari, wannan shawara ba a 2017 aka fara ta ba. A 1980, lokacin da Tom Baker ke sanar da 'yan jarida zai bar wasan, ya yi shaguɓen cewa mai gadonsa zai iya zama mace. A 1986, Sydney Newman, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙago wasan tun farko, ya rubuta wa shugabannin BBC takarda yana ba da shawarar a mayar da Dokta mace nan gaba. A 1999 Joanna Lumley ta fito a matsayin Dokta a wani gajeren wasan barkwanci na neman taimakon marasa galihu. A cikin labarin kansa kuma an share fage. A 2011 Dokta ya ambaci wani abokinsa da ya taɓa rikiɗa ya zama mace. A 2014 babban abokin gabarsa, wanda maza suka riƙa fitowa a matsayinsa tun 1971, ya dawo a siffar mace, Michelle Gomez ta taka rawar, ta kuma sami yabo mai yawa. A 2015 aka nuna wani janar na Gallifrey ya rikiɗa daga namiji zuwa mace a fili. Saboda haka wanda ya ce an karya dokar labari a 2017, lalle bai bi labarin ba.

Hujjojin Masu Suka

Ba adalci ba ne a ce duk wanda ya ƙi wannan sauyi maƙiyin mata ne. Akwai irin waɗannan, ba kuwa zan ɓata tawada a kansu ba. Amma akwai hujjoji uku da suka cancanci amsa.

Hujja ta farko ta fito ne daga bakin Peter Davison, wanda shi kansa ya taɓa zama Dokta a farkon shekarun 1980. A 2017 ya nuna damuwa cewa yara maza sun rasa abin koyi. Wannan magana tana da nauyi. In aka duba finafinan da ake yi wa yara maza, kusan duk jarumansu da naushi ko da harsashi suke warware matsala. Dokta na daga cikin ƙalilan da ke nuna wa yaro cewa karatu, da tambaya, da tausayi, su ma jarumta ne. Sai dai ina ganin maganar ta manta da rabin masu kallo. Shekara 54 yara mata suna kallon wannan wasa, suna koyi da Dokta, babu wanda ya ce musu ba zai yiwu ba don shi namiji ne. In yarinya za ta iya koyon jarumta daga namiji, me zai hana yaro ya koya daga mace? Yawancinmu a bakin kakanninmu mata muka fara jin labarin Gizo, su ne suka riƙa yi mana tsamin bakinsa, a wurinsu kuma muka fara sanin bambancin wayo da cuta. Colin Baker, wanda ya gaji Davison a 1984, shi ma bai yarda da maganar tasa ba, ya fito fili ya faɗa.

Hujja ta biyu ita ce, maimakon a ba mata gadon maza, a ƙirƙiro musu sababbin taurari. Wannan ma gaskiya ce, an kuwa yi, ya kuma yi kyau. Ripley ta fim ɗin Alien na 1979, wadda Sigourney Weaver ta fito a matsayinta, ba ta gaji kowa ba. Amma yin wannan bai hana yin wancan. Matsayin Dokta ya riga ya zama kamar sarauta, kujera ce da ake gado, tana da tarihi da martabar da sabon wasa ba zai iya samu cikin dare ɗaya ba. In aka ce kowane irin namiji zai iya hawa, tsoho da yaro, dogo da gajere, amma ban da mace, alhali labarin ya halatta, to, dalilin hanawar yana wajen labari ne. Akwai kuma misalin da ya nuna gado kan yi albarka. A wasan Battlestar Galactica na 1978, matuƙin jirgin yaƙi mai suna Starbuck namiji ne. Da aka sake wasan a 2003 aka ba Katee Sackhoff matsayin. Wanda ya fara riƙe shi, Dirk Benedict, ya yi suka mai zafi, amma daga baya wannan tauraruwa ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi tunawa da wasan saboda su.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa gani ya kori ji, an gwada kuma masu kallo sun gudu. Gaskiya ne kashin farko na Whittaker, wanda aka nuna a ranar 7 ga Oktoba, 2018, ya sami masu kallo kusan miliyan 11 a Birtaniya, kuma kafin ta sauka a 2022 adadin ya ragu ƙwarai. Amma raguwar ta fara ne tun zamanin Capaldi, ta kuma ci gaba bayan da Ncuti Gatwa, wanda namiji ne, ya hau a 2023. Mutane sun rage zama gaban akwatin talabijin a ƙayyadadden lokaci, wannan kuwa ya shafi kusan kowane wasa. Dora wa jinsin tauraruwa laifin duka, barin jaki ne ana dukan taiki.

Inda Aka Gaza

Duk da haka, ba zan ce zamanin Whittaker ya gamsar da ni ba, kuma a nan ne nake rabuwa da masu yabon sauyin ido rufe. Matsalar, a nazarina, tana wajen rubutu, wanda Chris Chibnall ya shugabanta.

Duk Doktocin da suka gabata an ba su aibi, aibin nan kuwa shi ya sa suka zama taurari masu rai. Hartnell ya fara wasan ne da sace malaman makaranta biyu, ya tafi da su ba da son ransu ba. A 2005 an nuna Christopher Eccleston cike da ƙiyayya yana neman hallaka abokin gaba da ke ɗaure. A 2009 girman kai ya kwashi David Tennant har ya ɗauka shi ne mai iko da ƙaddara, abin ya ƙare da baƙin ciki. Amma da aka zo kan mace ta farko, sai ka ce marubutan sun ji tsoro. Suka mayar da ita mai fara'a kullum, mai yawan ba da haƙuri, mai bayani da sauri, suka kuma kewaye ta da abokan tafiya har uku, waɗanda suka raba lokacin da ya kamata a yi amfani da shi wajen tona zuciyarta. Mai yiwuwa sun ji tsoron kada a ce sun nuna mace mai faɗa ko mai taurin kai. Wannan kuwa wani irin raini ne da ya sa rigar girmamawa, domin an ba ta suna da jirgi, an hana ta rabin gadon.

Shaidar cewa laifin ba na jinsi ba ne tana cikin wasan kansa. A watan Janairu na 2020 aka fito da Jo Martin, baƙar fata, a matsayin wata siffa ta Dokta da ba a san da ita ba. Cikin ɗan lokaci kaɗan ta nuna izza da kwarjini, ba ta neman yardar kowa, masu kallo da yawa kuwa suka karɓe ta hannu biyu. Haka nan Michelle Gomez, wadda aka sakar wa mara ta yi mugunta da izgili da nadama yadda ta ga dama. Ita kanta Whittaker, a 'yan wuraren da aka ba ta dama, ta nuna abin da za ta iya. A wani kashi na 2018 ta sauka a Ingila ta ƙarni na 17, zamanin farautar mayu, Sarki James na Ɗaya ya ƙi yarda mace za ta iya zama shugabar tawaga, aka kuma ɗaure ta aka tsoma ta a ruwa bisa zargin maita. Wannan labari ne da ba za a iya yi da Dokta namiji ba. Ga wanda ya yi ƙarnoni yana shiga fada ana saurarensa, yau ya buɗe baki an ce ya yi shiru. Irin wannan taska ce sauyin ya buɗe, amma ba a haƙa ta da zurfi ba.

Akwai kuma batun waɗanda ke bayan fage. Mace ce, Verity Lambert, ta fara shirya wasan a 1963 tana da shekara 27, wata macen kuma, Delia Derbyshire, ita ta haɗa sautin kiɗan buɗe shi wanda duniya ta sani. Amma tun da aka dawo da wasan a 2005, duk shugabannin rubutunsa maza ne, kuma tsakanin 2008 da 2015 ba a nuna kashi ko ɗaya da mace ta rubuta ba. Sauya fuskar da ke gaban kyamara ya fi sauƙi a kan sauya hannun da ke riƙe da alƙalami.

Kammalawa

A taƙaice, amsar tambayar ba ɗaya ba ce ga kowane tauraro. Wanda kasancewarsa namiji ita ce jigon labarinsa, a bar shi yadda yake. Wanda kuwa labarinsa ya ginu a kan rikiɗa, kamar Dokta, babu hujjar adabi da za ta hana shi zama mace. A watan Mayu na 2025 Gatwa ya rikiɗa, aka ga fuskar Billie Piper a madadinsa, gardamar kuma ta sake tashi. Fatana shi ne duk ranar da aka sake ba mace wannan matsayi, a ba ta shi cikakke, da fushinsa, da kurakuransa, da girman kansa.

Darasin da ke nan ga mu ɗalibai masu sha'awar rubutu a fili yake. Da yawa daga cikinmu, in mun tashi ƙirƙiro tauraruwa, mukan wanke ta tas har ta rasa kama da mutane, muna zaton karamci muka yi mata. Kafin mu sa suna a kan takarda, namiji ko mace, mu fara tambayar kanmu me wannan tauraro ke so, me yake tsoro, kuma wane aibi ne zai jefa shi cikin wahala. In mun sami amsar waɗannan, mai karatu zai bi mu har shafin ƙarshe.